Tafiyar Bassu Tsakanin Ƙofa Biyu

Shekara talatin da ɗaya mabuɗin ruwan garin Tigremt yana hannun Bassu, kuma a bana gwiwoyinsa suka ce sun gaji. Aikin a baki ba shi da wuya. Da la'asar mai mabuɗi zai rufe ƙofar ruwa ta sama, wadda ke shayar da dabinon mutanen tudu, ya gangara ya buɗe ta ƙasa don mutanen kwari su sami rabonsu, da safe kuma ya mayar. A ƙafa kuwa abin ya fara fin ƙarfinsa. Dattawan gari suka ba shi wa'adi zuwa yankan dabino: ko a ga mafita, ko mabuɗi ya koma wurin wani ɗan garin, Si Lahsen, wanda ya daɗe yana yi masa kallon da mage ke yi wa kifi.

Tuda, 'yar Bassu, ta ji zancen a waya tana birnin Agadir, inda take gyaran farantan hasken rana. Ranta ya ɓaci, don ta san mabuɗin nan shi ne abin da babanta yake tashi dominsa tun rasuwar mahaifiyarta. Ta ɗauki hutu, ta iso gida da jakar wayoyi da wata 'yar kwamfuta da ba ta kai tafin hannu ba, allo guda tsirara, ko murfi babu.

Kwana huɗu ta yi a kan teburin cin abinci, ta ture kwanon man zaitun da burodin sha'ir gefe. Ta rubuta wa 'yar kwamfutar umarni kaɗan: ta riƙa sauraron saƙo daga wayar babanta, in an ce buɗe ta kunna makunni, in an ce rufe ta kashe. Ta yi shafi ɗaya da manyan maɓallai biyu, kore da ja, don idon Bassu ba ya son ƙananan rubutu, ta kulle shi da kalmar sirri. Kafin ta taɓa ƙofar ruwa sai ta gwada da ƙwan fitila.

"Danna, Baba."

Bassu ya goge yatsansa a jikin jallabiyarsa, ya yi bismillah, ya danna kore. Ƙwan ya kama. Ya danna ja, ya mutu. Sai da ya yi haka sau tara.

"Daga masallaci ma zai ji ni?"

"Ko daga Makka, in akwai layi."

Bai yaba ba, ba halinsa ba ne. Amma da yamma ta jiyo shi a ƙofar gida yana gaya wa mai sayar da gas cewa 'yarsa ta koya wa ƙarfe jin magana, kuma daɗin da ta ji ko ranar da ta karɓi takardar kammala karatu ba ta ji irinsa ba.

Ta ɗaura wa kowace ƙofa ɗan inji mai juya ƙarfenta, da batir da farantin rana. Ranar farko Bassu yana zaune a inuwa ya danna, ta sama ta sauka, ta ƙasa ta tashi, duka a ƙiftawar ido. Mutanen kwari suka sami ruwansu da wuri, suka shi mata albarka. Tuda ta riƙa tafiya a gari kanta a sama, kuma a gaskiya ta cancanta. Bassu kuwa, kullum la'asar sai ya riƙe wayar ya yi ta jujjuya ta kafin ya danna.

A kwana na goma sha biyu ta je duba batirin ƙofar ƙasa, sai ta tarar da Lalla Itto tana jan bokiti daga magudana zuwa ɗan lambunta. Itto tsohuwa ce, ba miji ba ɗa a kusa. Ta gaji ƙasa amma ba ta gaji ruwa ba, don a Tigremt kowanne da nasa gadon. Duk da haka tun Tuda tana yarinya lambun nan kore shar yake, da rumman uku da na'a-na'a da ciyawar tumaki. Yau ganyen rumman ya naɗe, na'a-na'ar ta kwanta.

"Lalla, kawo bokitin. Me ya sami lambun?"

"Ke kika same shi, 'yata," in ji tsohuwar, tana dariya ba da zafi ba. "Aljanin nan naki na ƙarfe ba shi da gwiwa."

Ta nuna mata wata 'yar tsaga a bakin bangon magudana, dab da ƙofar. Tsagar ta yi sulɓi, da gani ruwa ya shekara yana bi. Tuda ta tsaya tana kallo har abin ya faɗo mata. Idan Bassu ya rufe ta sama, ruwa yana miƙewa ya riga shi isowa, don hanyar ƙafa sai ta zagaya maƙabarta. Ruwan ya tarar da ƙofa a rufe, ya taru, ya cika, ya zuba ta tsagar nan zuwa lambun Itto, har sai mai mabuɗi ya ƙaraso.

"Shekarun nan da ƙafarsa ta lalace, rumman ɗina har rassa suke karyewa," in ji Itto. "Allah ya yafe mini, ban taɓa roƙa masa sauƙi da zuciya ɗaya ba."

Tuda ta koma gida kunya kamar ta nutse. Ta auna tsawon waya, ta auna ƙarfin batir, ba ta taɓa tunanin auna tafiyar tsoho ba. Ta sami babanta yana haɗa shayi.

"Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"In gaya miki me?"

"Tsagar Lalla Itto."

Ya ɗaga buta sama ya tsiyaya, ya mayar, ya sake. "Abin da ba a faɗa ba sunansa jinkirin tsoho. In na faɗa, sunansa satar ruwan kwari, kuma dole dattawa su zauna a kansa. Na ɗauka zan riƙa kai mata bokiti."

"Da waɗannan gwiwoyin?"

Ya miƙa mata kofin shayi. Washegari da la'asar ta kashe na'urar, ta ce ya yi aikinsa da hannu sau ɗaya. Ta bi shi a baya da agogon waya, ba ta ce masa ya yi sauri ba. Ya tsaya ya gaisa da mai jaki, ya huta a kan dutse, ya yi wa mutanen maƙabarta sallama. Minti goma sha bakwai. Ta dawo ta ƙara layi uku a cikin umarnin.

Ranar da wa'adi ya cika, dattawa bakwai suka taru a ƙofar ƙasa, Dadda Hammu mafi tsufansu yana dogare da sanda. Aka kira la'asar, aka yi salla a nan gefen magudana, Bassu ya danna. Ruwa ya iso, ƙofa ba ta motsa ba. Ya taru, ya cika, ya fara zuba ta tsagar a gaban idon kowa.

Si Lahsen ya dubi agogonsa, ya yi murmushi. "To, injiniya, kayan Agadir sun yi barci? Ai na ce ƙarfe ba ya riƙon amana."

Tana iya cewa inji ne yake hucewa, ba wanda zai gane. Ta zo da wannan ƙaryar a baki, amma da ta dubi babanta sai ta haɗiye ta. Ta juya fuskar wayar ga dattawa. A ƙarƙashin maɓallan akwai rubutu: Bassu yana hanya.

"Na'urar ba barci take ba, Si Lahsen. Tafiya take. Ni na koya mata buɗewa da rufewa, tafiyar kuwa ta babana ce, kuma ban ga dalilin da zan rage masa ko taku ɗaya ba."

"Wannan ruwan kwari ne yake zuba," in ji Lahsen.

Dattawan nan bakwai, huɗu mutanen kwari ne, kuma ba wanda a cikinsu bai taɓa shan shayi da na'a-na'ar Itto ba. Kowa ya sami abin kallo, wani sama, wani takalminsa. Dadda Hammu ya taka a hankali ya tsaya daidai gaban tsagar, ya ba ta baya, rigarsa ta rufe ta.

"Ni ban ga komai ba, Lahsen. Mai mabuɗi muke jira, kamar kullum. Kai gaggawar me kake yi?"

Suka jira. Da mintin ya cika injin ya yi ƙara, ƙofa ta tashi, ruwa ya kwarara kwari. Hammu ya ce mabuɗi yana nan inda yake, a tashi a sha shayi.

A hanyar gida Tuda ta rage sauri ta jera da babanta. Sun zo daidai katangar maƙabarta ya tsaya, ya dafa kafaɗarta, abin da bai yi ba tun tana ƙarama.

"Minti nawa kika sa?"

"Sha bakwai. Na auna ka."

"Ranar Talata kika auna ni." Ya dubi can cikin katangar, wajen wata 'yar itaciya da Tuda ta san kabarin da ke ƙarƙashinta. "Ranar Juma'a nakan shiga wurin mahaifiyarki. Ki sa ashirin da biyar."