Duwatsun da Aka Wanke

Ƙarfe takwas da rabi motar ofishin kula da ruwa ta tsaya a bakin gada. Mai gwajin ruwa ta fito da raga, da farin faranti, da fom mai shafi biyu. Injiniyan ma'aikatar ayyuka ya riga ta isowa, yana jingine da motarsa yana duba agogo.

Ma'aikatarsa na so ta zuba wa rafin siminti daga gada har bayan kasuwa, ya koma lambatu. Ƙa'ida ɗaya ce ta tsayar da aikin: idan gwaji ya nuna rafin yana da rai, ba a taɓa shi. Ana gane hakan da ƙananan ƙwarin da ke maƙale a ƙarƙashin duwatsu, kowane iri da makinsa. Maki arba'in ake nema. Wata biyu da suka wuce mai gwajin ta zo ita kaɗai ranar hutu, ta ɗaga duwatsu, ta samu hamsin da shida. Amma wancan ba na hukuma ba ne. Na yau za a sa wa hannu.

Kawunta yana da lambu a gefen rafin, shekara talatin da ruwan yake ban ruwa. In aka yi lambatu, da ruwan da filin duk sun tafi. Ranar Litinin ta kira shi a waya ta ce masu dubawa na zuwa, a kula da rafin, kada a bari a zuba shara. Iyakar abin da ta faɗa ke nan.

Da ta gangara sai ta tsaya. An datse ciyawar gefe ƙal. An janye ruɓaɓɓen kututturen da ya daɗe kwance a ruwa. Ƙasan rafin yashi ne zalla, har da sawun manjagara. Kawu yana tsaye cikin fararen kaya, maƙwabta biyar a bayansa.

"'Yar nan, kin gani? Kwana uku muna abu ɗaya."

"Kawu, ina duwatsun?"

"Ga su can a tsibe. Ɗaya bayan ɗaya muka goge su da buroshi da garin sabulu. Ba ki ga ƙazantar da ke jikinsu ba, duk tsutsa."

"Ko asibiti bai kai shi tsafta ba," in ji wani tela daga cikin maƙwabtan. "Ni har bayana ya riƙe."

"Kai da ka wanke dutse uku ka tafi shan inuwa?" Kawu ya ce. Aka yi dariya.

Injiniya ya leƙo daga kan gada. "Sannunku da aiki, dattijo. Kun rage wa yarana wahalar kwana biyu."

Kawu ya ɗauka yabo ne, ya ɗaga masa hannu.

Ta sa dogon takalmin roba ta shiga. Ta kafa raga a gaban ƙafarta, ta tuttura yashin minti uku, ta juye a faranti. Ta maimaita a wuri na biyu da na uku, kamar yadda fom ya ce. Jajayen tsutsotsi, matsattsaku biyu, katantanwa ɗaya. Irin waɗanda ko a kwata ana samu. Ta haɗa lissafi sau biyu. Maki tara.

Ta hau wajen Injiniya ta roƙi a ɗaga ranar.

"Malama, ofishinku ne ya sa ranar, ba ni ba. Ki kira ogarki."

Ta kira. Ogar ta saurare ta har ƙarshe, sannan ta ce abin da aka gani yau shi ake rubutawa, kuma da ma an yi ƙorafi cewa lambun gefen rafin na kawun mai gwajin ne.

Ta je wajen tsibin duwatsun. A wasu lunguna da buroshi bai kai ba akwai 'yan gidajen ƙwari da aka gina da ƙwayar yashi, sun bushe ƙayau. Ta ɗauko dutse ɗaya ta nuna wa Injiniya. Ya juya shi a hannu ya daɗe yana kallo.

"Akwai layin matattu a fom ɗin?"

"Babu."

"In an mayar da duwatsun, yaushe za su dawo?"

"Wata shida. Ƙila fiye."

"Mu nan da mako uku za mu fara." Ya miƙa mata dutsen a hankali.

Kawu ya ƙaraso yana share hannu a riga. "To, 'yar nan, mun ci?"

Ta faɗa masa abin da ake ƙirgawa. Ba ta ɓoye komai ba, ba ta kuma ƙara komai ba. Tela ya ce yana da ɗinki, ya wuce.

"Tsutsar?" Kawu ya ce.

"Ita."

"Da kin faɗa min."

"Da na faɗa, Kawu."

Ya dubi tsibin. Ya tattare bakin wandonsa, ya sunkuya ya ɗauki dutse da hannu biyu, ya shiga ruwa ya ajiye shi a hankali. Ya koma ya ɗauko wani. Babu wanda ya ce ya bari.

Ta ɗora fom a bayan mota, ta rubuta tara a cikin akwatin, ta sa hannu, ta miƙa wa Injiniya biro.