Idon da Ke Silin

"Ɗan riƙe min tsanin nan," in ji Curtis daga sama.

Loretta ta riƙe. Tun ƙarfe bakwai na safe 'yan fim suka cika mata gida da wayoyi da fitilu, babu masaka tsinke. A birnin Winnipeg na Kanada wannan ba labari ba ne, duk unguwa mai tsoffin gidaje ta taɓa ganinsu. Fim ɗin na wani mutum ne da ke bibiyar wata mace, har ya ɓoye mata kyamara a gida. Ranar da aka ba Loretta labarin dariya ta yi. Direbar bas mai shekara hamsin da biyu, wa zai ɓata lokacinsa yana leƙen irinta?

Curtis ne mai haɗa kayan da ake gani a fim. An ce ya buɗe ƙararrawar gargaɗin gobara da ke silin ɗin ɗakin kwananta, ya cusa kyamarar ƙarya ta roba. A falo aka shirya yin wannan, amma darakta Renaud, mutumin da ba ya tsayawa kan magana ɗaya, ya ce hasken falon bai yi masa ba.

Curtis ya kwance murfin, sai ya ƙura wa cikinta ido.

"Wani cikinmu ya riga ni hawa nan?"

"Babu wanda ya taɓa wurin sai kai," in ji Loretta.

Ya sauko taki biyu, ya rage murya. "Wa ya saka miki wannan?"

"Mai gidan da nake haya, Mista Hollis. Shekara uku ke nan. Shi ne ma yake canza batirin, ba ya bari in wahala."

"Loretta, akwai kyamara a ciki. Ta gaske. Kuma a kunne take."

Ya nuna mata da bakin sukudireba. Idon kyamarar bai fi kan ashana ba, kuma gadonta yake kallo.

Ta dubi gadon, ta dubi silin. Mista Hollis a saman bene yake zaune, tsoho ne mai sanyin murya da ke ce mata "'yata". Bara da ta kwana tana tari, gari na wayewa ya sauko da miyar kaza. Ranar da aka bugo mata rasuwar mahaifiyarta, a kan gadon nan ta yi kukanta, ba ta faɗa wa kowa ba, amma da rana ta tarar da furanni a bakin ƙofa. Har alfahari take yi da shi a wurin aiki, wai ita ta yi dacen mai gidan haya. Ashe dalili ke nan. Kuma makullin ƙofarta yana aljihunsa har yanzu.

Tsoro ya kama ta, kunya ta fi tsoron. Ta ja rigar sanyinta ta rufe wuya.

Ana haka sai ga Renaud ya shigo da Denise mai ɗaukar hoto, kyamara a kafaɗarta. Bai san wainar da ake toyawa ba. Ya dubi Loretta ya tsaya cak.

"Denise, kunna. Ɗauko min fuskar nan in kai wa jarumarmu. Kwana uku ina roƙonta ta ji tsoro, ga shi wata tana yi a banza."

Denise ta kunna. Kafin Curtis ya buɗe baki, suka ji taku a matakalar bene, da sauri, ba irin na mai ciwon gwiwa ba. Da safe kuwa tsohon ya ce ba zai iya saukowa ba saboda ƙafa.

Mista Hollis ya turo ƙofa yana haki. "Falo muka yi da ku. Wa ya ba ku izinin taɓa min ƙararrawa?"

Loretta ta bi ɗakin da kallo. An rufe tagogin da baƙin ƙyalle tun safe, ƙofar ma a rufe take kafin ya turo ta.

"Mista Hollis," in ji Loretta, "wa ya faɗa maka an taɓa ta?"

"Motsi na ji, 'yata."

"Motsin sukudireba ka ji daga sama? Kai da sai na maimaita maka gaisuwa sau biyu?"

Ya ɗaga kai ya dubi murfin da ke reto a silin, sannan ya dubi Curtis, wanda tuni ya kara waya a kunne yana ba 'yan sanda lambar gidan.

"Saboda lafiyarki ne," in ji tsohon. "Mace ita kaɗai. In kin faɗi, wa zai sani?"

"Kada ka sake ce min 'yarka. Ajiye makullina a kan teburin nan."

Sai a lokacin tsohon ya lura da jar fitilar da ke kan kyamarar Denise, da idon kyamarar da ya juyo kansa. Ya kare fuska da hannu biyu.

"Kashe wannan abin. Ba a ɗaukar mutum ba da yardarsa ba."

Denise ta dubi darakta. Darakta ya dubi Loretta.

Loretta ta jawo kujera ta ajiye a bakin ƙofa, ta zauna, ta harɗe hannu.

"Ci gaba da ɗauka," ta ce wa Denise. "Matsa kusa."