Dara a Shagon Yunusu

Malam Hashimu ya ɗaga kwamfutar da hannu biyu, ya jinjina ta kamar mai auna ɗan rago, sannan ya kara kunnensa a gindinta yana saurare.

"Tana numhwashi," ya ce.

"Hwanka ta, Baba, mai sanyaya ta," in ji Yunusu mai shago, yana murmushin da bai kai zuci ba. "Ordinata ta mai ƙarhi. Duk Tawa babu irinta, guda ɗai anka kawo min."

Fa'iza na tsaye a gefe tana murza bakin mayafinta. Wannan kwamfutar ta hana ta barci tun ranar da ta fara ganinta a cikin gilashin shagon. Tana shekarar ƙarshe ta karatun kwamfuta a nan cikin Tawa, kuma tsohuwar da take aiki da ita ta riga ta gaji. Da ta ɗan ba ta aiki mai nauyi sai ta ɗauki zafi ta mutu, har sai da Fa'iza ta koma ɗora ta a bakin randa tana yi mata fifita kamar mai jinya.

Kuɗin sayen sabuwar kuwa suna cikin aljihun 'yar cikin mahaifinta, Malam Hashimu. Kuɗin santa ne, ɗan saniyar da kakarta ta ba ta tun tana ƙarama. Malam Hashimu dillalin shanu ne a kasuwar Barmu, mutum ne da bai taɓa sayen ko akuya da ji ba, sai da gani. Da ƙyar da jiɓin goshi ya yarda aka sayar da san, kuma da sharaɗi biyu: shi zai zo da ƙafarsa ya duba kayan, sannan abin karatu za a saya, ba abin wasa ba. Ya ga yadda samarin garinsu ke wuni a rumfar mai talabijin suna danne-danne, gonaki na can ciyawa na cinye su. Ya ce kuɗin dabba ba za su shiga wannan shiriritar ba yana raye.

To, a nan gizo ke saƙa. Kwamfutar dai ta masu wasa ce, don su aka ƙera ta, kuma wannan ƙarfin nata shi Fa'iza ke buƙata. Ita ma kanta, in za a faɗi gaskiya, ba ta ƙin ta ɗan yi tseren mota in kai ya yi zafi. Shi ya sa tun jiya ta zo ta haɗa Yunusu da Allah kada kalmar wasa ta fito daga bakinsa. Yunusu ya dafa ƙirji ya ce ta kwantar da hankalinta.

Malam Hashimu ya shafa bayan kwamfutar, ya duba kusurwoyinta ɗaya bayan ɗaya, ya taɓe baki yadda yake taɓewa in sa ya burge shi ba ya son mai shi ya gane.

"Ta cika nauyi. Kuma baƙa ta, zahi za ta sha." Ya ajiye ta a kan tebur. "Bari in ga bakinta. Ba ni sayen abu ban buɗe baki nai ba."

Yunusu ya miƙo hannu da sauri. "Baba, dakata in..."

Ina! Dattijo ya riga ya sa babban yatsa ya ɗaga murfin, kamar yadda yake ɗaga leɓen bijimi ya ga haƙora.

Sai shago ya ɗauka da ihun filin ƙwallo. Allon ya cika da koriyar ciyawa, 'yan wasa suna ta gudu, wani mai sharhi yana kwarara Faransanci kamar zai shiɗe. Madannan kwamfutar kuma suka kama walƙiya, ja, kore, shuɗi, suna bin juna. Ashe Yunusu tun safe yake buga ƙwallonsa a kanta, da ya hango su suna sauka daga kabu-kabu sai kawai ya kifa murfin ya gyara tsayuwa. Numfashin da tsoho ya ji ke nan.

Malam Hashimu bai yi faɗa ba. Da ya yi faɗa ma da ya fi wa Fa'iza sauƙi. Ya mayar da murfin a hankali, ya gyara zaman rawaninsa, ya ɗauki sandarsa.

"Hwa'iza, kin san abin ga haka shike?"

"Na sani, Baba."

"To. Tashi mu tahi."

Kunya ta kama ta har cikin ƙashi. Ba rasa kwamfutar ne ya fi yi mata ciwo a wannan lokacin ba, yadda ya ce "to" ɗin nan ne. Ta bi bayansa har bakin ƙofa, sai ta ji in ta bari ya taka titi, magana ta ƙare, don Malam Hashimu ba ya komawa cinikin da ya juya wa baya.

"Baba, ka yi haƙuri ka saurare ni. Na ɓoye maka, ban kyauta ba. Ta wasa ta, gaskiya na. Kuma aikin da za ni nuna ma malammaina ƙarshen shekara, shi ma wasa na. Ni nir rubuta shi da hannuna."

Ya tsaya bai juyo ba. "Shekarun ga duka wasa anka aike ki koyo?"

"Dara ta, Baba."

Yanzu kam ya juyo. Duk wanda ya san Barmu ya san cewa in kasuwa ta watse, a gindin tsamiyar bakin masallaci ake samun Malam Hashimu, ya tanƙwashe ƙafa a gaban gurabun dara, kuma ba kowa ke da ƙarfin halin zama gabansa ba. A wurinsa dara ba ta cikin wasanni. Aikin manya ce, ta masu hankali.

"Dara? Cikin ƙarhe?"

"Na koya mata. Tana dasawa, tana tahiya, tana ci. Tsohuwar tawa in tana tunanin inda za ta aza, sai ka sha hura ka yi salla ba ta gama ba. Wagga nan take za ta ba ka amsa."

Malam Hashimu ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Ya dubi ƙofa, ya dubi tebur. Fa'iza ta san wannan kallon, shi yake yi in baƙo ya zo garinsu yana cika baki.

"Buɗe ta in gani. Ba don in saya ba hwa."

Yunusu ya kashe ƙwallonsa da sauri, ya jawo wa dattijo kujera. Fa'iza ta ciro ɗan makullin USB da take adana aikinta a ciki, ta soka a gefen kwamfutar. Allon ya koma launin yashi, ga gurabu talatin a jere, karare a gefe ɗaya, tsakuwa a ɗaya gefen. Ta ce ya nuna da yatsa inda yake so, ita za ta aza masa.

Ya zaɓi karare. Ya fara dasawa a wulaƙance, yana nuni da bakin sanda yana kallon waje. Kafin ya janye hannu kwamfutar ta dasa tata. Ya sake, ta sake. Can sai ya jingine sandar, ya matso da kujera.

Da aka gama dashe aka shiga tafiya, shi ya fara jera uku ya ci. Nan ya manta inda yake, ya ɗaga tafin hannu zai daki ƙasa kamar yadda 'yan dara ke yi, alhali ƙasar nan madannan kwamfuta ne. Yunusu ya yi wani tsalle ya shimfiɗa hannuwansa a kai, dukan ya sauka a bayan hannunsa.

"Baba, don girman Allah! Ba a biya ta ba tukuna!"

Dariyar da aka yi ita ta jawo tela na maƙwabta da mai shayin bakin titi, sai ga masu kabu-kabu biyu sun leƙo su ma. Dara kuwa ba ta rasa 'yan kallo masu baki. Wannan ya ce tsoho ya rufe can, wancan ya ce a'a, ya buɗe nan. Malam Hashimu ya ce duk wanda ya iya ya zo ya zauna, babu wanda ya matso.

Wasa ya yi nisa. Akwai wata tsakuwa guda da kwamfutar ta yasar a kusurwa tun wajen dashe, kamar ta manta da ita. Malam Hashimu bai kula ta ba, yana can yana kora sauran zuwa tsakiya, yana ganin ya gama da su. Sai tsakuwar nan ta gusa gida ɗaya. Ta jera uku, ta ci. Ya toshe, ta buɗe ta wani gefen, ta sake ci. Ya kai hannu ya janye, ya sake kaiwa ya janye. Duk inda ya nufa an riga shi. Kararensa suka yi ta raguwa har suka kasa jera uku.

Mai shayi ya ce, "Subhanallahi, ƙarhe ya kada tsoho!"

Sai a lokacin Fa'iza ta tuna da tana iya rage wa abin ƙarfi kafin a fara, ta bar shi ya ci ya ji daɗi. Ga shi ta sa an ci mahaifinta a gaban baƙi, a garin da ba nasa ba. Ta ce a ranta shi ke nan, ta kashe cinikin da hannunta.

Malam Hashimu bai ko dubi mai shayi ba. Idonsa na kan kusurwar nan.

"Wanga tarko nawa na," ya ce a hankali. "Marayan kusurwa. Ni nis sa mai suna. Ban taɓa gwada ma kowa yadda aka ɗana shi ba, ko ƙannena. Wa ya koya mata?"

"Kai na, Baba."

"Ni? Yaushe?"

"Sa'adda Inna ka aiko ni in kawo maka hura gindin tsamiya. Ina aje ƙwaryar in tsaya bayanka."

Ya tuna. Sau nawa ya juya ya kore ta, ya ce wurin maza ne, ta wuce gida? Sau nawa uwarta ta yi mata faɗan daɗewa a aike, shi kuma ya ce yarinyar ce dai mai nawa? Ashe tana can tsaye da faifai a hannu tana haddace hannunsa. 'Ya'yansa maza babu wanda ya taɓa tsayawa ko da na wasa ɗaya. Abin ya taɓa shi ƙwarai, har sai da ya yi gyaran murya ya shafa gemu don kada a gani.

Ya juya wajen Yunusu, fuska ta koma ta dillali.

"Yaro, abin ga naka an hau shi. Da idona nig ga kana sukuwa bisa. Ba sabuwa ba ta. Rage."

"Haba Baba! Kai ma yanzu kas sauka daga kanta!"

Aka shiga ciniki. Tsoho ya taya, Yunusu ya ce albarka. Tsoho ya kushe nauyinta, ya kushe fitilunta, ya ce ko gidan biki ba a yi masa wannan kwalliyar. Amma dai kowa a shagon ya san wanda ya zauna ya yi gumi a gaban kaya ba shi da sauran barazanar tafiya, shi ma ya sani. A ƙarshe Yunusu ya sassauta kaɗan ya sallama, tsoho kuma ya ƙi sakin hannunsa sai da ya karɓi jakar goyo a matsayin gyara. Sannan ya juya wa jama'a baya, ya zura hannu cikin 'yar ciki.

Fa'iza ta fito rungume da kwali, ƙafafunta kamar ba sa taɓa ƙasa. Rana ta yi sanyi, inuwar dogon yaron ƙofar shagon ta miƙe har bakin titi. Tana ta jera godiya, tana cewa za ta kira kabu-kabu ya kai shi tasha, sai ta lura ba ya bayanta.

Yana can gindin bishiyar ya tsuguna. Ya share yashi da gefen hannu, yana danna gurabu da ƙullin yatsunsa, layi bayan layi. Ya kakkarya wani busasshen reshe ya tara a gabansa, ya tsinto tsakuwa ya tura ɗaya gefen. Tela da mai shayi suka fito suna kallo, kowa na jiran ya ga wanda za a kira.

"Hwa'iza."

"Na'am, Baba."

"Ita waccan na ji hannunta. Aje ta." Ya nuna yashin da ke gabansa. "Zamna."

Ta dubi mazan da ke tsaye, ta dubi mahaifinta. "Nan, Baba? Gaban mutane?"

"Nan. Kuma in kinka raga min, ina ganewa."

Fa'iza ta jingine kwalin a jikin bishiya, ta tattara zanenta ta zauna, ta kwashi tsakuwar a hannu.