Kasuwar da Odile ta Zana

Da magajin gari ya yaye ƙyallen da ya rufe zanen, zauren ya ɗauki tafi. Ga tsohuwar kasuwa nan a jikin allo: siraran ginshiƙan ƙarfe ɗauke da rufin gilashi, hasken safiya na zuba a kan teburan kifi. Odile Marchais, wadda ta zana, tana gefe tana murmushi. A cikin wannan kasuwa ta tashi, riƙe da siket ɗin mahaifiyarta, don haka da hukumar gari ta nemi zanen, ta ɗauka karramawa ce.

Magajin gari ya gyara murya. Ya ce ƙarfen ya yi tsatsa, gari kuma na bukatar wurin ajiye motoci, saboda haka za a rushe kasuwar kafin bazara. Amma kada kowa ya damu, in ji shi, tunda ga ta a bango, ba za ta taɓa mutuwa ba.

Odile ta daina murmushi. Ashe likkafani aka sa ta ɗinka. Ta ce a mayar mata da zanenta, aka ce ya riga ya zama mallakar gari.

A bakin ƙofa Ginette mai kifi, ƙawar mahaifiyarta, ta tare ta.

"Sannu da aiki, 'yar nan. Har kyau kika ƙara mini a zanen. In yunwa ta matsa, sai in shiga bangon in kasa kifina, ko?"



A ranar rushewa, Odile ta zo da takarda da gawayin zane. Leburori na yanka ginshiƙai da wuta, gilashi na zubowa. Masu cuku da masu burodi duk sun watse, Ginette kaɗai ta kafa amalankenta a bakin titi cikin ƙura. Odile ta yi ta zana rushewar, tana danna gawayin har yana karyewa a hannunta.

Sakataren magajin gari ya leƙo ta kafaɗarta. Ya yaba, ya ce wannan zai dace da bangon ofishinsu, ta kai musu in ta gama.

Odile ta dube shi sama da ƙasa. Ta cire takardar, ta tsallaka titi, ta miƙa wa Ginette, wadda ke lalube tana neman abin da za ta naɗe wa wata mata kifi. Ginette ta daɗe tana kallon zanen. Ta ce ginshiƙin dama bai kai haka karkata ba. Sannan ta ɗora kifin a kai, ta naɗe.