Ɗari Biyar a Tafin Jariri

Tun da aka rufe gari saboda korona, Ummusalma ta daina yarda da kuɗi. Tela ce a unguwar Dilimi, kuma ta san inda takardar kuɗi ke yawo kafin ta iso hannunta: bakin kwandastan motar Bukuru, teburin mahauci, aljihun da aka cusa hankicin majina. Maƙwabciyarta Akunna, wadda take aikin nas, ta ce mata wataƙila cutar tana kwana a jikin takarda. Wannan "wataƙila" ta ishe ta. Duk kuɗin da ya shigo gidan sai ta shimfiɗa shi a teburin ɗinki ta bi shi da dutsen guga, gaba da baya. Ranar da naira hamsin ta roba ta narke ta manne a dutsen, surukarta Iya Balaraba ta yi dariya har da hawaye, ta ce saura a yi wa kuɗin sitati.

Ummusalma ta ƙyale ta, don tana da dalili. Ɗanta na fari bakwaini ya zo, ɗan mitsitsi, numfashinsa kamar na ɗan tsako. Dokar hana tafiya ta hana ta zuwa wankan jego gidansu a Bauchi, sai ta zauna a hannun Iya.

Ba a yi taron suna ba, amma wa ya isa ya hana 'yan barka? Ranar da aka sassauta doka don cefane, sai ga Kawu Lukuman, ƙanen Iya mai rumfa a kasuwar Katako. Takunkuminsa yana ƙarƙashin haɓa, inda ba abin da yake tsarewa sai gemu. Kafin ya gama gaisuwa ya yi tari sau uku, ya ce garin katako ne ya shige masa maƙogwaro. Iya ta miƙa masa jaririn. Ya yi addu'a, ya lashi yatsa, ya zaro wata tsohuwar ɗari biyar mai laushi kamar tsumma, ya naɗe ta ya cusa a tafin yaron.

"Abokina, ga jari nan," in ji shi.

Ummusalma tana bakin gado, idonta a kan takardar. Amma ɗan fari ne, kuma gaban surukai ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta nuna ta damu da shi, balle ta fizge kyauta daga hannunsa a idon mai kyautar. Tana gani ɗan dunƙulen hannun ya nufi baki. Ta buɗe nata bakin, kunya ta rufe mata shi, ta sunkuyar da kai kamar yadda aka koya mata tun tana yarinya.

Kawu na fita, Iya ta tafi raka shi, sai Ummusalma ta yi wuf ta zare takardar. Ta tarar duk ta jiƙe da yawu. Ta wanke hannun yaron da sabulu, ta goge masa baki, sannan ta goge kuɗin da dutse har ya yi ƙauri, alhali ta san aikin banza take yi.

Kwana huɗu ba ta da sukuni. Ko atishawa yaron ya yi sai ta taso ta duba shi. A rana ta biyar da hantsi tana guge masa riguna, Iya tana riƙe da shi a tabarma, mijinta Uzairu ya shigo da waya a hannu, fuskarsa ba daɗi. Ya ce motar asibiti ta ɗauki Kawu tun jiya, gwaji ya tabbatar korona ce, kuma ma'aikata suna tambayar gidajen da ya shiga.

Ummusalma ta saki dutsen. Ta taka har gaban surukarta, ta karɓe ɗanta ba tare da neman izini ba.

"Badruddeen," ta ce, karo na farko a gaban kowa. "Badruddeen, kalle ni."

Iya ba ta ce mata ba ta da kunya ba. Ta kwance haɓar zaninta, ta zube 'yan takardun da ke ciki a gefen dutsen gugar.

"'Yar nan, taɓa goshinsa. Da zafi?"

Ummusalma ta ɗora tafinta. Da zafi. Amma yanzu ta saki dutsen guga, ta kasa gane ko goshin ne ko hannunta.