Gwangwanin Kaka Komalam

"Matsa, 'yar nan, kin tare min haske," in ji Kaka Komalam. Tana duƙe a bakin ƙofarta da gwangwanin garin shinkafa, tana zana kolam, adon da matan Chennai ta ƙasar Indiya ke yi a ƙofar gida kowace safiya.

Nila, 'yar maƙwabta mai shekara biyar, ta matsa, ta ƙura wa zanen ido. Uwarta Malar kuwa sai duban agogo take, mai keke mai ƙafa uku yana ta danna musu ham.

Wani ƙari ne ya fito wa Nila a ƙwaƙwalwa, irin wanda likitoci ba su cika gani ba. Bayan tiyata aka ce sai an ƙone ragowarsa da hasken furoton, wanda ke tsayawa daidai kan ciwon ba ya wucewa. Zuwa talatin za ta yi, kuma kowane zuwa sai ta kwanta ba motsi, kanta a cikin marufin roba da aka ƙera daidai fuskarta. Yaran da ba sa iyawa allurar barci ake musu. Ranar farko da aka yi wa Nila, da kyar numfashinta ya dawo daidai, kuma tun ranar Malar ke jin tsoron allurar nan kamar ranta zai fita.

Tsohuwar ce ta kawo dabara. Kullum ta yi sabon zane, Nila ta haddace, in an rufe mata fuska sai ta bi layin a zuciyarta, ɗigo bayan ɗigo, har a gama. Likita ya yi mamaki. Kaka ta ce ba abin mamaki ba ne, shi ne dai bai taɓa share ƙofar gida ba.

Sundari, matar ɗanta, ba ta gajiya da mita: ga tari, ga ciwon baya, ga tururuwa da garin ke jawo musu. Kaka takan ce tururuwa ma baƙi ne, su ci.

Ana saura zuwa ɗaya, bayan abincin rana, Kaka ta kishingiɗa ba ta tashi ba. Kafin magariba an kai ta. Malar ta yi kuka sosai, rabi don tsohuwar, rabi don gobe, har ta ji kunyar kanta. Gidan makoki ba a zana masa kolam, kowa ya san wannan.

Da safe ƙofar ta wayi gari fayau. Nila ta tsaya ta daɗe tana kallo.

"Mama, Kaka ta tafi, ko?"

Malar ta gyaɗa kai.

Sai ga Sundari ta fito, idanu jawur, da gwangwanin a hannu. "Ƙofarmu aka hana, Malar, ba taku ba. Tun makon jiya ta ce in ta riga mu gidan gaskiya, a ba wa yarinya."

Malar ta miƙa hannu, duk da ita ɗin ko layi ɗaya ba ta iya miƙarwa ba, takardar ado take saya ta liƙa.

"Ba ke ba," in ji Sundari. "Ita."

Nila ta tsuguna a ƙofarsu. Da hannun nan da wata biyu baya ba ya iya riƙe cokali, ta jera ɗigo tara, ta zagaye su da layi ɗaya. Ya ɗan karkace, amma bai yanke ba. Ta dube shi sosai, ta kaɗe hannu a siket, ta ce su tafi.

Ranar ba a yi mata allura ba.

Da suka dawo da rana, rabin zanen ya tafi. Tururuwa sun yi layi, kowace da farar ƙwayar gari a ka, suna bin gindin bango zuwa ƙofar Kaka. Sundari na tsaye da tsintsiya a hannu, ba ta share su ba.