Malafar Doña Petrona

Ranar da labari ya iso kasuwar Oruro cewa 'yan fim daga La Paz za su yi wasan shari'ar matan masu haƙar kuza, Doña Petrona Condori har kunun masara ta raba kyauta. Ai shari'arta ce. Shekara arba'in da biyar ke nan da ita da mata goma sha ɗaya suka tare hanyar ramin kuza da duwatsu, saboda sojoji sun kwashe mazajensu, aka gurfanar da su gaban alƙali.

Murnar ba ta kwana biyu ba. Ƙawarta Basilia, wadda 'yarta ke ɗinka wa 'yan fim ɗin kaya, ta zo mata da labarin abin da aka rubuta a fim ɗin.

"Wai kin cire malafa kin rungume, kina kuka kina ba alƙali haƙuri. Sai lauya ya miƙe ya zuba jawabi, ya cece mu."

"Wane lauya? Matsoracin nan? Mutumin da sau uku yana neman izinin zagayawa!"

Ran Petrona ya ɓaci ƙwarai. Wata takwas ta yi a kurkuku a kan malafar nan. Alƙali ya ce a cire, su kuwa matan tsauni ba sa tuɓe malafa don wani ya daka tsawa. Cikin mata goma sha biyun da aka gurfanar, yanzu saura ita da Basilia. In fim ya fita haka, haka jikoki za su san su.

Ta sami daraktan, Hernán Zeballos, wani mai gemu da ba a ma haife shi ba lokacin.

"Mama, fim ne fa, ba littafin tarihi ba," in ji shi. "Mutane hawaye suke so."

"To ɗana, sa naka. Nawa ban zubar a kotu ba."

Ya yi dariya. Don ya rabu da ita, sai ya ce ta tara masa mata arba'in da za su cika bencin 'yan kallo. Bawan Allah, bai san wa ya ba aiki ba. Petrona ta bi rumfa-rumfa, ta zaɓo 'ya'ya da jikokin matan da aka ɗaure.

Ranar ɗauka, an mai da zauren wata tsohuwar makaranta kotu. Yarinyar da ta fito a matsayin Petrona, Ximena, tana tsaye a gaba. Mai wasan alƙali ya buga tebur.

"A cire malafa a kotuna!"

Ko gezau. Malafa arba'in zaune daram a kawuna, masu su suna tauna ganyen koka, goron mutanen tsauni, suna kallonsa. Ximena ta kai hannu ga tata, sannan ta waiwayo.

"'Yar nan," Petrona ta ce a hankali, "da sunana kike tsaye."

Hannun ya sauko. Mai wasan alƙali ya rikice, ya maimaita umarnin. Petrona ta ji daɗi har cikin ƙashinta, domin kuwa haka alƙalin gaskiyar ya rikice a wancan karon. Ta miƙe ta faɗi abin da ta faɗa a wancan lokacin.

"Ranka ya daɗe, ku dawo mana da mazajenmu, mu cire muku har takalma!"

Zauren ya ɗauka da shewa. Basilia tana kuka tana dariya. Hernán ya ɗaga hannu zai tsayar, mai kyamara ya riƙe shi: "Kai, bari! Ka taɓa samun irin wannan?"

Da aka lafa, daraktan ya zo ya tsuguna gabanta.

"Mama, da gaske haka aka yi?"

"Haka. Sai dai alƙalin ya fi wannan tumbi."

"Sai me ya biyo baya?"

Petrona ta jawo kujerarsa ta zauna, ta gyara zani.

"Kira mai rubutun naka. Ka ce ya zo da takarda da yawa, don kowace a cikinmu tana da suna."